Wa ya ga oga kafin a sa hannu? Sharhi kan dokokin bayyana ganawa da manyan jami'an gwamnati

A ranar 3 ga Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sanar da cewa masu shan wuta a rukunin A, wato waɗanda suka fi samun awoyin wuta a rana, za su koma biyan naira 225 a kan kowane yunit, alhali a da kuɗin bai kai naira 70 ba. A Janairun 2025 kuma hukumar sadarwa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data, bayan su kamfanonin sun nemi kashi 100. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi watsi da duka biyun.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, tambayar da ake yi a teburin mai shayi a Nyanya ita ce ake yi a ofisoshin Maitama: da wa aka zauna kafin a yanke wannan hukunci? Hukumomi kan nuna takardun da aka shigar da tarukan jin ra'ayin jama'a, kuma zama da kamfanonin da suke sa wa ido yana cikin aikinsu, ba laifi ba ne. Sai dai ga zaman da aka yi ba a bainar jama'a ba, ɗan Najeriya ba shi da inda zai duba ya ga wa ya shiga, yaushe, kuma a kan wace magana. Wasu ƙasashe sun yi wa wannan giɓi doka, kuma ita ce masu fafutukar gwamnati a buɗe suke so a kawo nan.

Abin da ake magana a kai

Dokar bayyana ganawa ba ta hana ganawa. Abin da take cewa shi ne, idan wanda ke da wata buƙata ya zauna da jami'in da hukunci ke hannunsa, to a rubuta, a kuma wallafa inda kowa zai gani: rana, sunayen waɗanda suka halarta, wanda suke wakilta, da batun da aka tattauna.

Mai yanke hukunci a nan ba kowane ma'aikaci ba ne. Ana nufin minista, babban sakatare, shugaban hukuma da kwamishinoninta, darakta, da masu ba su shawara na kusa. Kamun ƙafa kuwa shi ne neman shawo kan irin wannan jami'i domin doka, ƙa'ida, lasisi ko kwangila ta fito yadda kake so. Ƙungiyar masu masana'antu tana yi, ƙungiyar likitoci tana yi, shugabannin kasuwar Dei-Dei ma idan suka je wajen minista kan batun rumfuna shi suke yi. Ya bambanta da cin hanci, wanda tuni dokokin ICPC da EFCC da ƙa'idojin ɗa'ar ma'aikata da ke cikin tsarin mulki suka haramta.

Akwai wani bambanci da yake da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Wani lokaci hukuma tana zama ne kamar kotu, tana raba gardama tsakanin ɓangarori biyu, misali kamfanoni biyu da ke neman lasisi ɗaya. A nan ganawa da ɓangare guda a bayan idon ɗayan tauye haƙƙi ne, kuma yawancin ƙasashen da suka yi doka sun hana shi baki ɗaya. Wani lokacin kuma hukuma tana tsara ƙa'ida ce da za ta shafi kowa, kamar farashin wuta. A nan tana buƙatar jin bakin mutane da yawa, saboda haka ba a hanawa, sai dai a ce a bayyana.

Inda abin ya samo asali

Amurka ce ta fi daɗewa da wannan muhawara. A 1976 ta yi dokar da ta wajabta wa hukumomi masu kwamishinoni su riƙa yin zamansu a fili, ta kuma hana ganawar ɓangare guda a shari'o'in da hukumomi ke saurare. Shekara ɗaya bayan haka, a ƙarar da kamfanin HBO ya kai hukumar sadarwa ta FCC, kotun ɗaukaka ƙara a Washington ta gano cewa masu ruwa da tsaki sun yi ta zarya wajen kwamishinoni kafin a fitar da wasu ƙa'idojin talabijin. Kotun ta ce ba zai yiwu a samu kundi biyu ba, ɗaya na jama'a da kotu, ɗaya kuma na hukuma da na cikin gida.

Ga yadda abin yake a FCC a yau. Idan lauyoyin kamfanin waya suka gana da kwamishina kan wata ƙa'ida da ake tsarawa, suna da kwana biyu na aiki su shigar da takarda cikin fayil ɗin batun, su faɗi waɗanda suka halarta, su kuma taƙaita hujjojin da suka gabatar. Abokin hamayyarsu zai karanta a intanet, ya rubuta raddi, ko shi ma ya nemi a ba shi lokaci. Da zarar kuma hukumar ta fitar da jerin abubuwan da za ta kaɗa ƙuri'a a kansu, sai a rufe ƙofa, ba a ƙara karɓar irin wannan ganawa har a yanke hukunci, in ban da wasu 'yan keɓantattun halaye.

A sauran wurare yawanci abin kunya ne ya haifi dokar. Amurka ta tsaurara dokarta ta kamun ƙafa ta 1995 a 2007, bayan badaƙalar wani mai kamun ƙafa, Jack Abramoff. Ireland ta yi tata a 2015, bayan wani kwamitin bincike ya shafe daga 1997 zuwa 2012 yana tono yadda aka riƙa sayen kansiloli da 'yan siyasa don a sauya wa filaye matsayi a Dublin.

Wa zai riƙe alƙalami?

Nan ne dokokin suka rabu gida biyu, kuma nan ne ya kamata mai karatu a Najeriya ya fi sa ido.

Tsari na farko ya ɗora nauyin a kan baƙo. Mai kamun ƙafa ne zai yi rajista, shi zai kai rahoto. A Kanada, duk wata sai ya bayyana ganawar baki da baki da aka shirya da manyan jami'ai, kafin ranar 15 ga watan da ke biye. A Ireland rahoton duk wata huɗu ne. Raunin wannan tsari shi ne komai ya rataya a kan wa doka ta kira mai kamun ƙafa. A Amurka sai aikin ya ci kashi 20 cikin 100 na lokacin da mutum ke yi wa wanda ya ɗauke shi kafin rajista ta hau kansa, saboda haka tsofaffin 'yan majalisa da yawa suna kiran kansu masu ba da shawara kawai. A Birtaniya dokar 2014 ta kama waɗanda ake haya daga waje ne, ta bar ma'aikatan cikin kamfani. Shi ya sa a 2021, da ta bayyana cewa tsohon firaminista David Cameron ya riƙa aika wa ministan kuɗi na lokacin, Rishi Sunak, saƙonnin waya a madadin kamfanin Greensill, aka duba aka ce rajista ba ta hau kansa ba, tunda ma'aikacin kamfanin ne.

Tsari na biyu ya ɗora nauyin a kan mai kujera. Chile ta bi wannan hanya a dokarta ta 2014: minista, ɗan majalisa, magajin gari, har kansila, kowa sai ya rubuta ganawarsa, tafiye-tafiyensa da kyaututtukan da aka ba shi, ana kuma tattara su a shafi guda. Dokar ta ƙara da cewa waɗanda suka nemi ganawa kan batu ɗaya a yi musu adalci iri ɗaya. Hukumar Tarayyar Turai ma tun Disambar 2014 kwamishinoninta da manyan hadimansu da manyan daraktoci suke wallafa ganawarsu cikin mako biyu, kuma ba sa zama da wanda bai yi rajista ba.

Idan aka auna da yanayin Abuja, tsari na biyu ya fi kama ƙasa. Kamfanonin da sana'arsu kamun ƙafa ce tsantsa ba su ne ke cika ɗakunan jira a sakatariyar tarayya ba. Wanda ke saka baki yawanci tsohon gwamna ne, ko basarake, ko malami, ko jigon jam'iyya, ko abokin karatun oga. Babu ɗayansu da zai je ya yi rajista da sunan mai kamun ƙafa, kuma ba kowane mai tsaron ƙofa ne zai iya tambayarsa katin rajista ba. Jami'i kuwa sananne ne, yana kan albashin gwamnati, yana da sakatare da ke riƙe da jadawalinsa, kuma akwai wanda zai iya ladabtar da shi.

Abin da ke ƙasa a Najeriya

A 2016 Sanata Dino Melaye ya gabatar da ƙudirin yi wa masu kamun ƙafa rajista, ya tsallake karatu na biyu a majalisar dattawa, amma majalisa ta takwas ta kammala wa'adinta a 2019 bai zama doka ba. Shi ma tsarin farko ya bi, na ɗora nauyi a kan baƙo.

Abin da ake da shi mai ƙarfi shi ne dokar 'yancin samun bayanai, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a ranar 28 ga Mayun 2011, bayan ta sha jeka-ka-dawo tun 1999, har Shugaba Obasanjo ya sauka a 2007 bai rattaba mata hannu ba. Dokar ta ba kowa damar neman takardun hukuma ba tare da ya faɗi dalili ba. Hukuma tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 a wasu halaye. Wanda aka hana yana da kwana 30 ya garzaya kotu, kuma hanawa ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000. Lalata takarda ko sauya ta kafin a bayar laifi ne mai ɗaurin aƙalla shekara ɗaya. Tambarin sirri da ake bugawa a kan fayil, gadon dokar sirrin gwamnati ta 1962, bai isa shi kaɗai ya zama hujjar hanawa ba. A Afrilun 2025 kotun ƙoli ta yanke cewa dokar ta shafi jihohi ma, a wata ƙara da ta taso daga jihar Edo, wato mutumin Jos na iya amfani da ita a kan ma'aikatun Filato kamar yadda na Abuja zai yi a kan na tarayya.

To ina matsalar? Wannan doka tana ba ka takardar da ke akwai ne. Ta wajabta wa hukumomi su adana bayanan ayyukansu, kuma lauya na iya cewa ganawar shugaban hukuma tana cikin ayyukan, amma a jerin abubuwan da ta ce a wallafa tun ba a tambaya ba babu rajistar ganawa. Ɗan jarida zai rubuta wa wata ma'aikata yana neman sunayen waɗanda suka ga darakta a watanni ukun da suka gabaci wata kwangila. Idan aka amsa masa cewa babu irin wannan kundi, ba lallai ƙarya aka yi masa ba.

Wanda ya taɓa shiga ofishin gwamnati a Abuja ya san littafin baƙi da ke kan teburin ƙofa, da biro ɗaure da zare. Akwai gurbin suna, gurbin wanda ka zo gani, gurbin dalili, da lokacin shiga da fita. A gurbin dalili kusan kowa kalma ɗaya yake rubutawa. Ɗan aike da mai bin fayil ɗin fansho su ne ke cika shafukan. Babban baƙo ba ya tsayawa a teburin, hadimin oga ne ke saukowa ya tarbe shi a bakin mota. Littafin an yi shi ne don tsaro, kuma mutanen da rajistar ganawa ta fi buƙatar sunayensu su ne ba sa ciki.

Akwai 'yan wuraren da doka ta ɗan taɓo batun. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ce a buɗe takardun neman kwangila a bainar jama'a, da 'yan kallo daga ƙungiyoyin farar hula, ta kuma mai da yunƙurin karkatar da tsarin don samun fifiko laifi. Dokar taba sigari ta 2015 ta bi yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya wajen neman mu'amalar jami'ai da kamfanonin taba ta kasance a fili. Najeriya kuma ta shiga ƙawancen gwamnati a buɗe na duniya a 2016. Dukkansu gutsattsari ne, kowanne a ɓangarensa.

Ganawar da ba ta shiga ofis

Ko da an yi dokar gobe, tambaya mafi wuya tana nan: mene ne ganawa? A Abuja magana mai nauyi ba lallai a kan teburin ofis ake yinta ba. Ana yinta a falon gida bayan isha'i, a wajen ɗaurin aure, a zaman ta'aziyya, a layin gaisuwar salla, a ɗakin jiran manya a filin jirgi, ko a saƙon murya na WhatsApp. Mutum ya zo gaisuwa, an sha ruwa, an tambayi iyali, yana miƙewa zai tafi sai ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai wata takardarmu da ke gabanka, a taimaka a duba." Oga ya ce, "Ba komai, Alhaji, za mu gani." Rabin minti ke nan, kuma yana iya fin taron awa uku tasiri.

Wannan ba ciwon Najeriya kaɗai ba ne. A Chile, mai dokar da ake yabo, ya fito fili a ƙarshen 2023 da farkon 2024 cewa wasu ministoci sun halarci cin abincin dare a gidan wani mai kamun ƙafa, Pablo Zalaquett, tare da manyan 'yan kasuwa, ba a kuma sa zaman a rajista ba. Dokar Kanada ma ta tsaya ne kan maganar baki da aka shirya tun farko, saboda haka haɗuwar da aka ce ta katsaham ce tana iya zillewa.

Maganin da ya fi dacewa shi ne doka ta bi abin da aka tattauna, ba wurin da aka zauna ba. Idan maganar ta taɓo fayil ɗin da ke gaban jami'i, ko a ina aka yi ta kuma ta kowace hanya, sai ya sa a rubuta cikin 'yan kwanaki. Babu mai iya sa ido a kowane falo, gaskiya ne. Amma da zarar rubutawa ta zama wajibi, rashin rubutawar kansa ya zama laifin da za a iya kama mutum da shi, ba sai an tabbatar da cewa kuɗi ya sauya hannu ba.

Masu so da masu ja

Masu goyon baya suna da hujja uku da suke yawan kawowa. Rajista tana nuna rashin daidaito: idan ta nuna kamfanoni sun ga kwamishina sau da yawa, masu amfani da kayan kuwa ko sau ɗaya ba su samu ba, an sami abin magana a gaban majalisa ko kotu. Tana ba ɗaya ɓangaren damar raddi kafin alƙalami ya bushe. Tana kuma kare jami'i mai gaskiya, domin wanda ake matsa wa lamba daga sama zai iya cewa, "Yallaɓai, duk abin da muka tattauna sai na rubuta, doka ce."

Masu ja ma ba su rasa ta cewa ba, kuma ba dukkansu ne masu abin ɓoyewa ba. Jami'ai na cewa mutum ba ya faɗin gaskiyar halin da kamfaninsa ke ciki idan ya san abokin gasarsa zai karanta gobe. Akwai batun tsaro: mai unguwar da ya je ya shaida wa hukuma abin da ke faruwa a yankinsa, wallafa sunansa na iya jefa rayuwarsa cikin hatsari, haka ma mai kwarmata almundahana. Akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023 da dole a yi la'akari da ita. Wasu kuma na ganin za a ƙara wa ma'aikatu takardu ne kawai, ganin cewa rahoton shekara da dokar 2011 ta ce kowace hukuma ta kai wa babban lauyan tarayya kafin 1 ga Fabrairu ma ba duka ke kaiwa ba.

Hujjojin sirrin kasuwanci da tsaro suna da sauƙin warwarewa, tunda dokar 2011 ta riga ta keɓe su, kuma ana iya wallafa cewa an yi zama kan batu kaza ba tare da fallasa lissafin kamfani ba. Hujjar rashin aiwatarwa ita ce mai nauyi. Rajistar da za a cika ta da "ziyarar ban girma" daga sama har ƙasa, babu mai dubawa, babu hukunci, za ta ba hukuma shaidar gaskiya ne a banza.

Me zai canza ga talaka

Rajista ba za ta rage kuɗin wuta ba, ba za ta dawo da rumfar da aka rushe ba. Amfaninta ga ƙaramin mutum yana wajen lokaci. 'Yan acaɓan da aka hana shiga tsakiyar Abuja a 2006, ko 'yan kasuwar da ake shirin tayarwa, yawanci sai magana ta nuna suke jin ƙamshinta. Da ana wallafa ganawar manyan jami'an birnin, shugabannin ƙungiya za su ga cewa an fara zama kan filinsu, su nemi a saurare su tun ana iya sauya wani abu.

Batun fili ya cancanci kulawa ta musamman a birnin da rabon filaye ke hannun minista. Dokar Ireland ta kyale ƙananan kamfanonin da ma'aikatansu ba su wuce 10 ba, ta kyale mutum mai bin harkar kansa, amma a kan sauya wa fili matsayi ko gina shi ta faɗaɗa komarta har kan ɗaiɗaikun mutane. Irin wannan rarrabewa ce za ta hana doka ta faɗa kan marasa ƙarfi. Matar da ke bin haƙƙin mijinta da ya rasu ba mai kamun ƙafa ba ce, bai kamata sunanta ya hau intanet ba. Idan kuma aka ce sai ƙungiya ta yi rajista ta biya kuɗi kafin ta ga darakta, ƙungiyar masu sayar da lemo a Zuba ce za ta tsaya a waje, mai uwa a gindin murhu ya wuce ciki kamar kullum.

Hanyar farawa ba lallai ta bi ta majalisa ba. Hukumar Tarayyar Turai da shawarar cikin gida ta fara tata. A nan ma umarnin shugaban ƙasa, irin wanda Osinbajo ya sa wa hannu a Mayun 2017 yana muƙaddashi, wanda ya tilasta wa ma'aikatu wallafa sharuɗɗa da kuɗaɗe da wa'adin ayyukansu, zai iya wajabta rajista, kuma NERC ko NCC na iya sa ta cikin ƙa'idojin aikinsu. Sai dai abin da umarni ya kafa umarni na iya rushe shi. Obama ya fara wallafa sunayen baƙin fadar White House a 2009 bisa raɗin kansa, Trump ya dakatar a 2017, Biden ya dawo da shi a 2021, kuma duk cikinsu babu wanda ya nemi izinin majalisa.